Kurfoti a filin tanti: za su bar ni in gasa tsire kuwa?

Ɗan_Fagge_Mcr ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku taimaka min da shawara, matambayi dai ba ya ɓata. Shekarata uku kenan a Manchesta, kuma tunda aka fara zancen dogon hutu yaran nan suka sa ni a gaba wai su ma sai an kai su kwana a tanti, duk 'yan ajinsu in an dawo hutu sai labarin sun kwana a daji sun hura wuta sun gasa wannan sun gasa wancan. Ni da na tashi a Fagge kwanan wajen da na sani shi ne lokacin zafi in an ɗauke wuta mu fito da tabarma tsakar gida, ban taɓa zaton mutum zai biya kuɗinsa ya bar gadonsa ya je ya kwanta a gonar wani ba, amma ya na iya da yara.

To mun haɗu mu gida uku mun kama waje a wata gona can wajen Lake District, yankin tafkuna a arewacin Ingila, satin farko na Agusta, kwana uku. Tanti na saya na hannu, babba ne mai ɗaki biyu da ɗan zaure a gaba. Uwargida ta ce ita fa ba za ta yi kwana uku tana cin burodi da waken gwangwani ba, sai dai a yi tsire, dama surukata ta aiko mana da yaji da ƙuli-ƙuli kuma akwai kurfotin da uwargidan ta taho da shi daga Kano, irin baƙin nan na ƙarfe mai gajerun ƙafafu, da shi take turaren wuta wani lokacin.

Abin da ya ɗaure min kai, a shafin masu gonar sun rubuta wai duk abin wuta sai ya zama a ɗage daga ƙasa, kuma ba sa son ɗan farantin nan na alminiyam mai gawayi a ciki da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. To shi kurfotin namu ƙafarsa ba ta wuce tsawon yatsa ba, ya shiga lissafin ɗagagge ko kuwa za a kore mu? Kuma me farantin ya yi musu, ga shi da arha ga sauƙin ɗauka? Sannan kun san ruwan ƙasar nan ba ya sallama, in ya tsuge muna tsakiyar gashi zan iya jawo kurfotin cikin zauren tantin in ƙarasa? Wani abokina ma ya ce can da daddare akwai sanyi ko a Agusta, shi ne nake tunanin in an gama gashi in bar sauran garwashin a bakin ƙofa daga ciki ya ɗan ɗumama mana wajen, kamar yadda ake yi da kasko a gida. Sai kuma toka, ina ake kai ta?

Na gode, Allah Ya bar zumunci.

Maman_Ilham ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena ina karanta saƙonka ina dariya har na zo wajen garwashi a bakin ƙofa, nan dariyar ta tsaya. Don girman Allah kar ka yi. Kar ka shigar da kurfotin nan cikin tanti, ko cikin zauren, ko yana ci ko ya mutu, ko kana ganin toka ce kawai ta rage. Sauran tambayoyinka masu zuwa kwanan daji za su amsa maka, ni wannan ɗayar ce ta sa na ajiye abin da nake yi na zauna rubutu.

Aikin asibiti nake yi a nan ƙasar, kuma duk bazara sai an sake yi mana tuni a kan wannan iskar da gawayi ke fitarwa, kabon monoksaid. Ba ta da wari ba ta da launi ba ta sa tari, ba hayaƙi ba ce da za ka gani ka kauce. In ka shaƙe ta sai ta kama jininka ta hau kujerar iskar da jiki ke buƙata, kuma riƙon da take yi wa jini ya fi na iskar kirki sau fiye da 200, shi ya sa kaɗan ma ta isa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne lokacin da wutar ta lafa, garwashi ya lulluɓe da toka yana ci a hankali, lokacin ne ma take fita sosai, kuma tana iya ɗaukar awanni tana fita. Wato daidai lokacin da kai kake ganin ai ta mutu bari in shigo da shi kar ruwa ya jiƙa shi. An sha rasa rayuka a filayen tanti na ƙasar nan ta wannan hanyar, har da yara, mutane su kwanta lafiya lau da abin gashi a zauren tanti safiya ta yi wani bai tashi ba.

Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, mutum ya ji kamar mura ce za ta kama shi ko abincin da ya ci ne ya ɓata masa ciki. Mai barci kuwa ba ya jin komai, wucewa kawai yake. Kuma yara ta fi saurin kayarwa. In Allah Ya kiyaye kuka ga mutum biyu uku a tanti ɗaya duk suna kukan ciwon kai lokaci guda, ku fito da kowa waje a sha iska ku kira 999, kar a tsaya neman farasitamol.

Zancen kasko a gida kuma, ni ma da shi na tashi, kakata a Zariya ba ta kwana da sanyi sai da kaskonta. Amma ka tuna ɗakinta na ƙasa ne mai tsayi, ƙofa asabari ne, iska na shiga ta ko'ina, kuma duk da haka sai ta sa a fitar da shi kafin ta yi barci. Kuma ko a gidan ai muna jin labarin waɗanda suka rufe ɗaki da gawayi lokacin hunturu, ko suka kwana da janareto a cikin gida, aka wayi gari ana salati. Abu ɗaya ne. Tanti kuwa leda ce aka ɗinka, in ka ja zif ka shiga cikin jaka kenan.

Sanyi maganinsa bargo da jakar barci mai kauri da safa da hula, ka shimfiɗa abu mai kauri a ƙasa don ta ƙasan sanyin ke shigowa. Ka sayi ɗan ƙararrawar nan mai batir da ke ihu in ta ji iskar, kuɗinta bai kai na naman da za ka gasa ba, ka duba wadda aka rubuta ta dace da tafiya da tanti. Amma ko da ita a hannu, wuta waje.

Baban_Khalifa ya rubuta:

Anti Maman Ilham ta gama magana a wannan ɓangaren, ba ni da ƙari.

Malam Ɗan Fagge barka da shigowa ƙungiyar masu biyan kuɗi su kwana a ƙasa, haha. Ni shekara takwas kenan duk bazara sai mun fita, kuma kuskuren da kake shirin yi da kurfoti ni na riga ka yin sa, bari in ba ka labari ka huta. Fitarmu ta farko a wata gona ce a Wels, na je da ɗan murhun gashi mai gajeren ƙafa kusan irin naka, na dasa shi a kan ciyawa kore shar na yi gashina lafiya har da ɗaukar hoto. Da safe na ɗaga shi sai ga wani baƙin da'ira kamar an kifa faranti an zana, ciyawar ta ƙone har saiwa. Mai gonar wani dattijo ya zo zagayen safe da karensa, bai ɗaga murya ba, tsayawa kawai ya yi yana kallon wajen yana kallona, sannan ya ce min wannan tabon sai baɗi zai rufe kuma akwai wanda zai kafa tanti a nan jibi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na biya abin da ya ce na ba shi haƙuri. Su fa ciyawar nan ita ce jarinsu, ita suke sayar maka, in hutu ya ƙare kuma tumaki ne za su dawo su ci.

To ma'anar a ɗage kenan, zafin kar ya taɓa ciyawa. Tsawon yatsa bai isa ba sam. Ko dai ka samu mai dogayen ƙafafu, ko ka ɗora kurfotin a kan bulo, yawancin gonakin suna ajiye bulo ko falalen siminti a kusa da wajen famfo don haka ɗin, wasu kuma suna ba da hayar kaskon wutarsu su sayar maka da itace a buhu. Amma kar ka dogara da abin da na faɗa, kowane fili da dokarsa: wani ya yarda da gashi bai yarda da wutar jin ɗumi ba, wani ya yarda da duka biyun, wani gas kawai, wani kuma ya yarda yau gobe in fari ya yi tsanani ya hana. Ka ɗauki hoton kurfotin ka tura musu ka ce ga abin da zan zo da shi, in sun amsa ka ajiye saƙon a waya. Ni haka nake yi yanzu.

Shi kuma farantin alminiyam ɗin nan, laifinsa da yawa. Gindinsa siriri ne, kai tsaye yake ƙona abin da ke ƙarƙashi, ba shi da murfi iska na kwasar tartsatsi, kuma da yake na yarwa ne mutane sai su tashi su bar shi a wajen da zafinsa ko su cusa shi a kwandon shara ya kama. Kai da kake Manchesta ai Marsden Moor ba nisa da kai, wajen Huddersfield, a Afrilun 2019 lokacin hutun Ista abin gashi ne ya tayar da gobarar da ta cinye wajen hekta 700 a can, daidai lokacin da tsuntsaye ke kwanci a ƙasa. A Mayun 2020 kuma dajin Wareham a Dorset ya kama, hekta 220 ta tafi, 'yan kwana-kwana sun kusa sati biyu suna fama, kuma an tsinci irin waɗannan farantan a wajen. Irin tuddan nan nasu kamar Marsden Moor ƙasar ba irin tamu ba ce, baƙar ƙasa ce ta ruɓaɓɓen ciyayi da ta taru shekaru aru-aru, in ta bushe ita kanta makamashi ce, wutar ƙaiƙayi take yi ta bi ta ƙarƙashi kwana da kwanaki ta ɓullo a wani wajen. Shi ya sa a 2022, shekarar da zafi ya haura digiri 40 a Ingila, manyan kantuna irin su Aldi da Waitrose suka daina sayar da farantan. A dajin New Forest da ke kudancin Ingila a Yulin 2023 aka hana gashi da hura wuta, tarar fam 100 nan take, in aka je kotu tana iya kaiwa 1,000. Kuma ƙananan hukumomi da dama da ke da irin tuddan nan sun kafa irin wannan dokar, don haka in kun fita yawo da rana kar ka ce bari mu tsaya bakin tafki mu ɗan gasa, ka bari sai kun koma gonar.

Ruwan sama kuwa, ka sayi babbar lema ko ka jira ya ɗauke, ruwan can yakan zo ya wuce ya sake dawowa. Ko da rumfa za ka yi ta zama mai tsayi, buɗaɗɗiya ta kowane gefe, nesa da tanti. Ka lura za su ce ka bar wajen mita 6 tsakaninka da tantin maƙwabci, saboda gobara ne, tanti in ya kama ko minti ɗaya ba ya yi kuma narkewa yake yana ɗiga a jiki. Ka duba inda iska ke kaɗawa kafin ka hura, kar hayaƙin kitse ya cika tantin mutane. Bokitin ruwa a gefenka tun kafin ka ƙyasta ashana. Yara a ja musu layi a ce nan ba a tsallakewa, don igiyoyin tanti da magariba ba a ganin su, yaro na gudu sai ya harɗe ya faɗa kan wuta.

Toka: yawanci akwai durom na ƙarfe da suka ware mata, ka tambaya. Ka yayyafa ruwa a hankali, ka juya da ƙarfe, ka sake zubawa har ta daina cuuu, ka bar ta ta kwana a waje. Kar a zuba a gindin shinge, kar a zuba a kwandon roba, kar kuma a binne da yashi ko ƙasa don binnewa ɓoye ta kawai yake yi, zafin na nan har gobe wani yaro ya taka da ƙafa ba takalmi.

Af, na manta. Ka je da ragarka ko da sun ce suna da ta haya, ka san abin da aka fi gasawa a kai a ƙasar nan. Kuma ka fara da wuri, a Agusta magariba sai wajen tara, in ka ce sai bayan sallah za ka hura wuta kafin nama ya nuna an shiga lokacin da suke so kowa ya yi shiru.

Sarkin_Tukuba ya rubuta:

Kai jama'a, Allah mai iko. Mu nan Bauchi muna neman kuɗin da za mu bar tabarma mu hau katifa, ku kuna can kuna biyan fam ku sauko ƙasa. To Allah Ya ba da sa'a.

Alhaji ni ban san dokar Turawa ba amma nama na sani, gidanmu sana'ar kenan tun kakana. Kuma ina ganin duk tsoron da ake ba ka na tartsatsi da hayaƙi rabinsa daga rashin iya wuta ne. Tsire ba ya son harshen wuta, garwashi yake so. Ka hura gawayinka ka yi ta fifita da mafici ka ƙyale shi sai baƙin ya tafi ya yi ja, farar toka ta fara hawa kansa, sannan nama ya matso. Mai gaggawa shi ke ɗora nama gawayi na baƙi, kitse ya ɗiga wuta ta tashi, waje ya ƙone ciki ɗanye, ƙuli ya yi ɗaci. Ka duba tukubar masu tsire na asali, ai ba a kan wuta suke ɗora shi ba, kafa tsinkayen ake yi a kewaye wutar na tsakiya, zafin ne ke dafa shi a hankali ana juyawa. A kurfoti ba za ka samu haka ba amma ka tara garwashin gefe ɗaya ka bar gefe ɗaya ba komai, in wuta ta taso ka janye naman can.

Kuma don Allah ban da kananzir ban da fetur ban da leda wajen hurawa, duk warin a nama yake ƙarewa, fetur kuma ya sha cinye wa mutane gira da gemu. Takarda da 'yan ƙirare sun isa. Gawayi in da hali ka nemi na itace gangariya mai nauyi wanda in ka buga biyu za ka ji ƙarau, mu nan na ƙirya muke so don yana daɗewa bai cika tartsatsi ba, can kuma sai ka duba abin da ya yi kama da shi. Naman ka yanka shi falle-falle siriri tun a gida, ka jiƙa tsinkayen a ruwa kar su ƙone, ka shafa man gyaɗa ka birkiɗa a ƙuli, yajin ci kuma a ajiye sai an sauke. Raga kar ka ɗauko ta tsohon firij ko wayar shinge mai ƙyalli, abin da aka shafa musu in ya ji wuta ba na ci ba ne.

Zancen toka da Baban Khalifa ya yi gaskiya ne, ni da asuba in na zo tukuba na tona tokar jiya da ita nake tayar da wutar yau, ba na neman ashana. To ka ga kuwa.

Mu ma nan in an je Yankari lokacin hunturu ciyawa ta bushe ƙayau ai ba ka hura wuta inda ka ga dama, sai inda ma'aikata suka nuna. Sai dai mu abin da ya fi damun mai nama a sansanin Wikki birai ne, ka juya baya ɗaya gwaggon biri ya yi gaba da ledar. Ku can akwai birai?

Bakatsine_Sacramento ya rubuta:

Sarkin Tukuba su ba su da birai, mu nan Kalifoniya beyar gare mu, wata ƙatuwar dabbar daji mai bin ƙamshin abinci, haha. A gandun dajin Yosemite kowane wajen tanti da akwatin ƙarfe, dole duk abin da ke da ƙamshi ya kwana a ciki, abinci, kula, har man goge baki, ba a barin su a mota da dare don dabbar tana iya ɓalle ƙofar. Ka yi tunanin ragar da ta sha kitsen tsire a bar ta a waje.

Ɗan Fagge na san tambayarka ta Ingila ce amma bari in ƙara don masu karatu daga wannan ɓangaren. Nan yawancin filayen gwamnati kowane waje da zoben ƙarfe a kafe a ƙasa, a ciki kawai ake wuta. In za ka fita wajen filayen da aka tanada, a Kalifoniya sai ka karɓi takardar izinin wuta ko da ɗan risho na gas za ka kunna, kyauta ce a intanet, ka kalli ɗan bidiyo ka amsa tambayoyi. In rani ya yi nisa sai su fara sa takunkumi mataki-mataki, a kai inda za a hana itace da gawayi ɗungurungum, a lokacin sau da yawa abin da ake bari shi ne na gas mai makunni, wanda in ka murɗa ya mutu nan take. Shi ya sa na haƙura na sayi kaskon wuta na gas da ɗan abin gashi na gas, ba toka ba tartsatsi. Shi ma dai ba ya shiga tanti, Anti ta riga ta faɗa, gas ma na fitar da iskar nan.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki da na zo, ba a son ka ɗauko itace daga garinku ka kai wani daji, a inda za ka ƙona a nan za ka saya. Dalili ƙwari ne da ke ɓuya a cikin itacen, akwai wani koren ƙwaro da aka fara ganowa a Michigan a 2002 ya kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma itacen wuta na cikin abin da ya yaɗa shi. Kuma kar a kewaye wuta da duwatsun bakin rafi, ruwan da ke cikinsu in ya tafasa dutsen na iya fashewa.

Ni shawarata ka sayi na gas ka huta da zancen bulo da toka.

Sarkin_Tukuba ya rubuta:

Tsire a kan gas?? Bakatsine kai dai Amurka ta gama da kai. Wannan ai soyayyen nama ne a tsinke. Alhaji kar ka saurare shi, ka nemi bulonka.

Bakatsine_Sacramento ya rubuta:

Ranka ya daɗe in ka ga sama ta yi ja da rana tsaka saboda hayaƙin gobarar daji, toka na sauka a kan motarka daga wuta mai nisan mil ɗari, za ka ci na gas ɗin har ka nemi ƙari. Amma na yarda ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, wannan kam ba musu.

Ɗan_Fagge_Mcr ya rubuta:

Salam jama'a, ku yi haƙuri na yi shiru, na ce sai mun dawo in ba da rahoto. Anti Maman Ilham Allah Ya saka da alheri, na karanta wa uwargida saƙonki ta yi shiru ta ce to, a ranar na yi odar ƙararrawar. Yaya Baban Khalifa na tura hoton kamar yadda ka ce, matar mai gonar ta amsa wai bismillah in dai a kan bulo ne, har tana tambaya a ina na sayi wannan abin. Da muka isa bulo huɗu ta ba ni da falalen siminti ɗaya, ta nuna min durom ɗin toka a bayan rumbun ciyawa.

Daren farko ruwa ya hana, burodi da waken gwangwanin dai aka ci, uwargida ba ta ce min komai ba amma kallon ya isa. Dare na biyu gari ya washe muka fara tun shida. Kurfotin ƙarami ne tsinke shida kawai yake ɗauka, mu kuma mu goma sha huɗu, sai da na yi kusan awa uku a tsugune ina fifita da murfin kula don na manta mafici a gida. Sarkin Tukuba dabarar tara garwashi gefe ɗaya ta yi aiki, na farkon ne kawai suka ƙone. Wani Bature a tantin kusa da mu ya yi ta waiwaye har na kira shi na miƙa masa tsinke biyu, na tambaye shi ko gyaɗa na damun sa don na san su da wannan, ya ce a'a, ya dangwali yaji da yawa duk da na gargaɗe shi, ya yi ta hawaye yana cewa a ƙara.

Sanyin kuwa gaskiya ne akwai shi, wajen ukun dare na farka haƙorana na haɗuwa, kuma ba zan ɓoye ba sai da zuciyata ta raya min kurfotin nan da ke waje. Na ƙara safa na koma. Na ɗan yayyafa masa ruwa kafin mu kwanta amma ban juya ba don gajiya, da na fito sallar asuba na tona da tsinke sai ga garwashi biyu jajur a ƙasan tokar, sai da na sake kwarara masa rabin bokiti.

Yaran sun ce baɗi Sikotland. Akwai wanda ya san inda ake samun kurfoti babba a nan, ko sai na sa an taho min da shi daga Kano?